Hukuncin ba masunta kuɗin jatan lande tun kafin kamu

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara sani. Ina sana'ar busasshen jatan lande, wanda muke kira monko, a Aboabo nan Kumasi, yawanci masu yin shito, wato yajin miya na Ghana, nake sayar wa. Nakan tura wa masunta a Keta da Ada kuɗi tun kafin su kamo, su ba ni kaya ƙasa da farashin kasuwa. Yanzu kuma wani mai kiwonsa ya ce in saye duk abin da ke cikin tafkinsa kafin ya girma. Ya halatta?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Hajiya, jatan lande halal ne ci da sayarwa, domin aya ta 96 a Suratul Ma'ida ta halatta mana abin da aka kamo a teku. Abin dubawa shi ne yadda kike ba da kuɗin.

Idan rance ne kika ba masunci, da sharaɗin ya riƙa rage miki farashi har ya biya, wannan bashi ne da ya jawo amfani, kuma riba ce. Ki bar shi. Idan kuwa saye kika yi, kin biya yanzu kaya su zo daga baya, shi ne cinikin salam. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Ibn Abbas cewa Annabi (SAW) ya yi umarni a yi shi da sanannen mudu, sanannen awo, zuwa sanannen lokaci. Rangwamen da kika samu a nan halal ne, tunda shi ma ya sami kuɗin mai da gyaran koma.

Amma sai kun fayyace kayan. Ku faɗi ɗanye ne ko busasshe, domin in ya bushe fiye da rabin nauyinsa ke tafiya. Ku faɗi girmansa, wato guda nawa ke cika kilo, saboda da haka ake yi masa kuɗi: manya sun fi ƙanana tsada nesa ba kusa ba. In da olonka kuke awo, ku tsayar da gwangwani ɗaya, a shafe ne ko a tula. Kwando ba ma'auni ba ne, nan ne rigima ta fi tashi. A mazhabar Malikiyya ba a jinkirta biyan kuɗin fiye da kwana 3, wa'adin kuma kada ya gaza kwana 15 in a gari ɗaya za a karɓi kayan. Ku zaɓi lokacin da aka saba samunsa, ku rubuta, ku kafa shaidu.

Batun tafki kuwa, bai halatta ba. Sayen abin da ke cikin ruwa garari ne, wato cinikin da ba a da tabbacin abin da za a samu, kuma Annabi (SAW) ya hana cinikin garari. Kiwon jatan lande kan ɗauki wata 3 zuwa 4, abinci kaɗai kan cinye kusan rabin jarin, kuma cutar farin tabo na iya ƙarar da tafki guda cikin kwana 10. Iskar ruwa ma in ta yi ƙasa da asuba, sai a wayi gari sun mutu. Mai tafkin kansa bai san kilo nawa zai kwasa ba, balle ke. Mafita ita ce ki sayi kilo kaza mai siffa kaza a wuyansa, ba tare da an ɗaure shi da wannan tafkin ba. In nasa ya lalace, ya nemo a wani wuri ya cika miki. Haka ma kada a ɗaure cinikin da kamun kwalekwale ɗaya.

In wa'adi ya yi kaya sun yanke a kasuwa, ko ki jira, ko ki karɓi kuɗinki daidai, ba ƙarin ko sidi ɗaya. Kada kuma ki sayar wa masu shito kayan kafin su shigo hannunki, domin abinci ne, an hana sayar da shi kafin a karɓe shi. Allah ne mafi sani.