Wane abinci ne ke tafiya da shampen?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan Maraɗi ne, ina aikin kai abinci tebur a wani gidan abinci a Faransa. Ba na shan giya, amma baƙi kan tambaye ni wane shampen ne zai dace da abin da suka yi oda, sai in rasa ta cewa. Yaya ɗanɗanonsa yake, kuma da me ake haɗa shi?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Ba sai ka kai shi baki ba kafin ka iya wannan aiki, domin rabin amsar tana rubuce a jikin kwalbar.

Shampen giyar inabi ce mai kumfa, kuma doka ba ta yarda a kira ta da wannan suna ba sai in an yi ta a yankin Champagne, gabas da Paris, wajen garuruwan Reims da Épernay. Wuri ne mai sanyi, ƙasarsa alli ce, don haka inabin ba ya nuna ya yi zaƙi sosai. Daga nan tsaminsa ya samo asali. Kumfar kuwa a cikin kwalba take haihuwa: ana ƙara yis da sukari a toshe, iskar da ta taso ta rasa mafita ta narke a ciki. Sai a ajiye kwalbar aƙalla wata 15, ko shekara 3 in da inabin girbin shekara guda kaɗai aka yi shi. Wannan zama tare da yis shi ke kawo ƙamshin gasasshen burodi da mashaya ke yawan ambata, a kan ƙamshin lemon tsami da ɗanyen tuffa.

To ka riƙe tsami da kumfa. Ka san yadda ake matsa lemon tsami a kan soyayyen kifi don ya kashe maiƙo? Aikin da shampen ke yi ke nan a baki. Shi ya sa ya fi shiri da abu mai gishiri da mai: soyayyen dankali, soyayyar kaza, kifi, jatan lande, da cuku mai taushi irin Chaource da ake yi a yankin. Mutane na ɗauka sai abincin masu hannu da shuni yake so, alhali farantin dankali mai gishiri ya ishe shi.

Yanzu kalmomin jikin kwalba, waɗanda ke faɗin yawan sukari a lita guda. Brut Nature bai kai giram 3 ba. Brut ƙasa da giram 12 ne, shi ne kuma aka fi sayarwa. Extra Dry yana ruɗin mutane: sunansa ya nuna kamar ba zaƙi, amma giram 12 zuwa 17 ne, wato ya fi Brut zaƙi. Demi-Sec kuwa giram 32 zuwa 50.

Kuskuren da na fi gani, wanda kuma ke ba ni takaici, shi ne a kawo Brut tare da kek a ƙarshen biki. Zaƙin kek yakan shafe ɗan sukarin da ke cikin shampen ɗin, ya bar baƙo da tsami zalla har da ɗaci-ɗaci, ya tashi yana zargin kwalba mai tsada. In an zo kayan zaƙi, Demi-Sec za ka nuna masa. Haka abinci mai yaji: barkono da giya sukan ƙara wa juna zafi, mai ɗan zaƙi ne ke sassautawa.

Sai irin inabin. In ka ga Blanc de Blancs, daga farin inabi ne, kusan kullum Chardonnay, marar nauyi, ya dace da kifi da abin buɗe ciki. Blanc de Noirs daga baƙin inabi ne, Pinot Noir ko Meunier, ya fi kauri, yana iya ɗaukar gasasshiyar kaza ko naman maraƙi. Rosé mai launin hoda yakan yi kyau da naman agwagwa.

Ka kawo shi da sanyin digiri 8 zuwa 10. In ya wuce haka sanyi, ƙamshin burodin nan ba ya fitowa, sai baƙo ya ji tsami kawai.