Burodin burger mara gluten: ki daina kai gashi gidan burodin yayanki

Wata baiwar Allah daga Samaru ta turo tambaya, tace tana yin burodin burger mara gluten (wani sinadari ne da ke cikin alkama) da haɗaɗɗen gari na fakiti, kwastomominta kamar 12 ne, yawanci waɗanda likita ya hana cin alkama. Fakiti N9,000, yana bata guda 8, tana saida ɗaya N1,800. Oven ɗinta ƙarami ne shi yasa take kai kwaɓin gidan burodin yayanta a Sabon Gari a gasa mata kyauta. Yanzu ta kwashi adashe N400,000 tana so ta kama shago a PZ, wani yankin kasuwanci a Zariya.

Malama dan Allah ajiye maganar shagon nan. Gashin kyautan nan shi ya tayar min da hankali. Wanda ya biya N1,800 kan ɗan burodi ɗaya yana biya ne don ya tabbata babu alkama a ciki, ke kuma kin ɗauki kwaɓinki kin kai inda fulawa ke tashi a iska, tana kan tebur, tana cikin gwangwani, tana hannun kowa. Mai ciwon celiac, wato wanda jikinsa baya jure gluten, ɗan kaɗan ya isa ya taɓa mishi hanji, ƙa'idar ma kar gluten ya wuce miligiram 20 a kilo ɗaya na abinci. Nasan yayanki bazai cuce ki ba amma ai ba shi ke tsaye gaban oven ba, yaransa ne, kuma kin san kwaɓin nan ruwa-ruwa yake yana kama hannu kamar ƙullun waina mai kauri, yaron da ya saba da burodin alkama yana ganin ya manne mishi zai ɗebo fulawa ya barbaɗa, a ganinsa gyara miki yayi.

Na san wata a Tudun Wada da hakan ta faru da ita. Yarinyar kwastomarta ta kwana tana gudawa da murɗar ciki, uwar ta rubuta a group ɗinsu na WhatsApp, daga ranar wayarta ta daina ringing. Har yau abin yana min ciwo don matar ta iya aikinta.

Ki cire kuɗi cikin adashen ki sayi oven mai ɗan girma, da gwangwanaye da roba da ludayi waɗanda fulawa bazata taɓa ba har abada. Ki riƙa yi sai an bada oda tunda burodin nan kwana ɗaya biyu ya bushe.

Shago kuwa, N5,400 ke rage miki a fakiti tun kafin ƙwai, mai, gas da kuɗin keke. Da me zaki biya hayar PZ? Randa kika kai guda 40 a sati har wata uku a jere ki sake nemana mu yi maganar.