Ku Tambayi Likita: Wa Za Mu Ba Lambar Gwarzon Malami?

Tambaya: Assalamu alaikum Baba Likita. Ni ɗaliba ce 'yar aji shida a wata makarantar koyon likitanci a nan Arewa, kuma ina cikin kwamitin walimar kammala karatunmu. Mun yi karo-karo za mu ba mutum ɗaya lambar yabo ta gwarzon malami, sai kan kwamiti ya rabu. Wasu sun ce a ba wani farfesa da sunansa ya kai har ƙasashen waje, wanda kuma shi ne babban baƙonmu, alhali cikin shekara uku sau huɗu kacal ya tsaya a gabanmu. Mu kuwa muna son wani likita mai neman ƙwarewa a sashen yara, wanda ko aikin dare yake yi sai ya tara mu a bakin gado. An ce mana yin haka raini ne ga manya. Ina mafita? Daga 'yarka, wata ɗaliba.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yata, Allah ya sa a gama lafiya. Ba zan yi miki kwana-kwana ba: ku ba likitan sashen yara. Sunan lambar taku gwarzon malami, ba gwarzon suna ba.

Kada dai ki ɗauka ina rage wa farfesoshi daraja. Akwai waɗanda suka haɗa biyun. Marigayi Farfesa Umaru Shehu, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya da kuma Jami'ar Maiduguri, ya rasu a 2023 ya bar ɗalibai da su ma suka zama farfesoshi. Amma farfesa yana da inda ake biyan sa ladan sunansa. A jami'o'inmu, in lokacin ƙarin girma ya zo, abin da ya fi nauyi a sikeli shi ne yawan maƙalun da mutum ya buga a mujallun bincike. Awa uku da malami ya yi a tsaye yana nuna wa ɗaliba yadda ake neman jijiyar jaririn da gudawa ta tsotse, babu layin da aka tanadar mata a takardar. To in ku da kuka amfana ba ku faɗa ba, wa zai faɗa?

Ni ma na sami irin wannan mutum. A shekarar horona ta farko bayan na gama, wani dare aka kawo yaro da zazzaɓi. Na duba, na rubuta maganin cizon sauro, har na juya zan tafi. Likitan da ke sama da ni bai ce mini uffan ba a gaban mahaifiyar yaron. Kama hannuna kawai ya yi, ya sa a ƙeyar yaron, ya ce in ɗaga kan a hankali. Wuyan a sandare yake. Sanƙarau ne. Sai da muka gama komai, wajen asuba, ya zaunar da ni a kan benci ya bi da ni inda na yi sakaci ɗaya bayan ɗaya. Har na yi ritaya ban ƙara sallamar yaro mai zazzaɓi ban taɓa wuyansa ba. Mutumin nan ko takardar godiya ba mu ba shi ba, mu kuwa muka yi ta rabon alluna ga manyan baƙi. Abin yana damuna har yau.

Ba ni kaɗai ke ganin haka ba. William Osler, ɗan Kanada da ya yi fice a asibitin Johns Hopkins na Amurka, wanda ya rasu a 1919, ya rubuta littafin da likitocin zamaninsa suka dogara da shi, amma abin da ya ce yana so a tuna shi da shi, shi ne ya koyar da ɗalibai a ɗakunan marasa lafiya.

Sai dai ina da jan kunne, domin ƙuri'ar ɗalibai ma tana da cutarta. Ɗalibi yana son malami mai barkwanci, mai sakin maki, mai leƙa masa abin da zai fito a jarrabawa. A 1973 wasu masu bincike a Jami'ar Kudancin Kalifoniya suka wallafa wani gwaji: sun ɗauko ɗan wasan kwaikwayo, suka laƙaba masa sunan Dakta Fox, ya gabatar da lacca mai daɗin ji wadda ba ta da kai ba ta da gindi a gaban likitocin ƙwaƙwalwa da masana ilimi. Da aka raba takardar jin ra'ayi, yawancinsu yaba masa suka yi. In manya sun ruɗu, ina ga 'yan aji shida?

Saboda haka kada ku tambayi 'yan ajinku wane malami suka fi so. Ku ce kowa ya rubuta abu ɗaya da hannunsa ya iya yau, da sunan wanda ya koya masa. Sannan ku nemi waɗanda suka riga ku fita da shekara biyu ko uku, musamman waɗanda bautar ƙasa ta jefa ƙauyen da su kaɗai ne likita. Su ne suka san muryar wa suke ji a kunne in mai naƙuda ta fara zubar da jini da tsakar dare. Ku kuma bi ta wurin nas-nas da ungozomomi, don babu wanda ya kai su sanin mai tsawa ga ɗalibi a gaban majiyyaci da mai jan sa gefe. Ina kyautata zaton sunan likitanku zai fito, amma ku bari ya fito da kansa. A nan ne bakin masu cewa son kai kuka yi zai mutu.

Game da kyautar kuwa, allon katako ƙura yake sha a bango. Ku yi shi in kuna so, amma ku haɗa da wasiƙa mai sa hannun dukan aji, wadda ta ambaci abin da ya yi dalla-dalla, ku kai kwafi ga shugaban sashensa da shugaban tsangaya, ku roƙa a sa a fayil ɗinsa. A Jami'ar Kalifoniya ta San Faransisko tun shekarar 2000 suka kafa wata majalisa ta malaman likitanci, wadda ake shigar ta da hujjar koyarwa da renon ɗalibai. Mu ba mu kai nan ba tukuna, amma wasiƙa ba ta fi ƙarfinku ba. Likitocinmu suna ta kwarara zuwa Ingila da Saudiyya, kuma ba albashi kaɗai ke korar su ba, har da jin cewa ba wanda ya san suna yi.

Saura maganar raini. Kada farfesa ya fara jin labarin a zauren walima. Ku tashi mutum uku, ku same shi a ofis, ku gaishe shi yadda ya kamata, ku ce kun zaɓi ɗaya daga cikin yaransa, kuna roƙon ya miƙa masa lambar da hannunsa. Ku kuma tabbatar an sauya wa likitan naku aikin dare a ranar, kada a kira sunansa yana can ɗakin jarirai.