Ruwan da ya rage bayan kiristal ya fito, menene sunansa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, ni ɗaliba ce ƴar SS2 a nan Daura. Mun yi firaktikal, muka narkar da wani shuɗin gishiri a ruwan zafi muka bari ya huce, kiristal, wato ƙwayoyin gishirin, suka fito a ƙasan bika, kofin gilashin da muke gwaji da shi. Malaminmu ya tambayi sunan ruwan da ya rage a sama na ce filtrate ya ce ban ci ba. Don Allah menene sunansa, kuma zubarwa ake yi?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Sunan da malaminki ke nema shi ne mother liquor, haka za ki rubuta shi in ya fito miki a WAEC ko NECO. Ma'anarsa ruwa uwa, tunda daga cikinsa kiristal ɗin suka fito kamar shi ya haife su. Kalmar liquor kar ta tsorata ki, a nan ba giya take nufi ba, ruwa ne kawai mai wani abu narke a ciki.

Amsarki ba ta yi nisa ba fa. Duk ruwan da ya bi ta matata ya sauka filtrate ne, ko ruwan tokar da ake tacewa a gida don miya ma shi ne, amma shi mother liquor sai an yi kiristal sannan ruwan yake samun wannan sunan. In kin tace naku ruwan sunayen biyu duk sun hau kansa, sai dai tambayar a kan na biyun take.

Zubarwa kuma a'a, nan ne ma ɗalibai suka fi yin kuskure don suna ɗauka gishirin duk ya fita. Ki tuna launin ruwan naku, ai shuɗi ne har bayan kiristal sun kwanta ko? To shuɗin nan copper sulphate ne, wato gishirin da kuka narkar, wanda bai fita ba. Ruwan ya ƙoshi, ya riƙe iya abin da zai iya riƙewa a wannan sanyin, rarar ce kawai ya saki. Ɗauki wani gishirin mai suna potassium nitrate a matsayin misali, giram 100 na ruwa a digiri 60 yana narkar da kusan giram 110, in ya huce zuwa digiri 20 kusan 32 kawai yake iya riƙewa, kenan wajen 78 za su fito, 32 suna nan cikin ruwan, wanda ya tuttular da shi a sinki ya yi asarar fiye da kwata na kayansa. Sai a mayar da shi kan wuta ruwan ya ragu a sake barinsa ya huce a kwashi zubi na biyu, amma na biyun bai kai na farko tsabta ba saboda duk dattin da ke narkewa can cikin ruwan yake taruwa. Shi ya sa ake ɗauraye kiristal da ɗan ruwan sanyi kaɗan, a busar tsakanin takardun tacewa, in ba haka ba ruwan da ya manne musu zai bushe ya bar dattinsa a kai.

Ki je kasuwa ki ɗauki mazarƙwaila a hannu ɗaya, farin suga a ɗaya. Duka daga rake suke. Masu mazarƙwaila suna dafa ruwan raken ne har ya yi kauri su zuba a mazubi ya daskare da komai nasa, ba a raba komai ba, shi ya sa take da duhu da wannan ɗanɗanon. A kamfanin suga irin na Numan kuwa inji ne ke juyawa da gudu ya watsar da baƙin ruwa mai danƙo ya bar ƙwayoyin, baƙin ruwan nan shi ne molasis, ruwa uwa na suga kenan, a sake dafa shi a ƙara cire suga, na ƙarshen a sa a abincin dabbobi ko a yi sinadarin etanol da shi. Ni dai har gobe mazarƙwailar na fi so a koko.

Gishirin teku ma haka, in an kwashe gishirin ruwan da ya rage ɗaci ne da shi saboda sinadarin maganiziyam da ke cikinsa. A cikin irinsa ne wani Bafaranshe Antoine Balard ya gano sinadarin bromine a 1826, mutanen Japan kuma da shi suke ɗaure awararsu, yadda mu muke sa ruwan tsami.

In kun sake firaktikal ɗin ki roƙi malaminku ya bar naku a bika a gefen taga, a rufe da takarda saboda ƙura, in lokacin iskar hunturu ne cikin ƴan kwanaki za ki ga sababbin kiristal. Kar dai ki ɗanɗana, copper sulphate guba ne, kuma ki wanke hannu.