Filin Tambaya da Amsa: Shin saka wasanmu a intanet zai rage mana 'yan kallo?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni ce shugabar wata ƙungiyar wasan kwaikwayo da raye-raye, kuma muna shirin gabatar da sabon wasa a gaban jama'a nan da wata uku. Matasan ƙungiyar sun matsa mini lamba a kan mu ɗauki wasan gaba ɗaya a bidiyo mu saka a intanet, ni kuwa ina tsoron idan mutane suka kalla a wayoyinsu, babu wanda zai sayi tikiti ya zo zaure. Ta ina ya kamata mu fara? Daga wata mai karatu.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Ke da matasan naki kowa yana da hujjarsa, amma a ganina kun soma gardamar daga tsakiya, domin kafin a yi maganar abin da za a ɗauka, ya kamata a tsayar da aikin da ake so kowane bidiyo ya yi. Bidiyon da aka shirya don jawo mutum ya sayi tikiti daban yake da wanda aka shirya don wanda ba zai taɓa samun damar zuwa zauren ba, kuma dukansu sun bambanta da wanda ƙungiya ke adanawa don tarihi ko don nuna wa masu ba da tallafi. Yawancin ƙungiyoyi suna yin ɗauka guda su ɗora mata dukkan waɗannan ayyuka, sai ta kasa cika ko ɗaya.

Tsoron da kike yi ba sabo ba ne, manyan gidajen wasa na duniya sun riga ki jin sa. Gidan Metropolitan Opera na birnin New York ya fara watsa wasanninsa kai tsaye zuwa gidajen sinima a ƙarshen 2006, gidan National Theatre na Landan ya bi sahu a 2009, ita kuwa ƙungiyar makaɗan Berlin Philharmonic ta Jamus ta buɗe dandalinta na intanet inda mai kallo ke biyan kuɗin rajista. Binciken da cibiyar Nesta ta Birtaniya ta yi a kan shirin na Landan bai gano cewa ya rage masu zuwa gidajen wasa ba. Sai dai ki lura da yadda suka tsara abin: ko dai a biya kafin a kalla, ko kuma a ƙayyade lokaci. Ko a 2020, lokacin da annobar korona ta sa aka rufe zauruka har National Theatre ya riƙa sakin wasanni kyauta a YouTube, mako guda kowane wasa yake yi sannan a sauke shi. Saboda haka shawarata ita ce kada ku saki cikakken wasan yayin da ake kan nuna shi. Ku ɗauke shi da kyau ku ajiye, bayan an kammala nunawa sai ku yanke shawarar yadda za ku fitar da shi.

Abin da kuke buƙata yanzu shi ne kayan talla, kuma a nan ne wata ukun da ke hannunki yake da daraja, domin tun ran gini ran zane. Ki naɗa mutum guda wanda ɗaukar hoto da bidiyo ne kaɗai aikinsa tun daga ranar farko ta gwaji, kada a ɗora wa mai ba da umarni ko ɗan wasa, waɗanda hankalinsu zai tafi wani wuri da zarar ranar buɗewa ta matso. A makonnin farko a nuna wa jama'a yadda wasan ke ginuwa: mai rawa yana maimaita taku ɗaya har ya zauna masa, mai ɗinki yana auna kayan wasa, marubuci yana bayyana abin da ya sa ya ɗauko labarin. Idan saura mako uku ko biyu, sai a fitar da gajeren bidiyon talla wanda bai wuce minti ɗaya ba, wanda zai nuna rikicin da ke cikin labarin ba tare da ya fallasa yadda aka warware shi ba.

Akwai kuskuren da ya zama ruwan dare, wato a kafa kyamara guda a bayan zaure a bar ta tana ɗauka. Abin da ke fitowa shi ne 'yan wasa ƙanana can nesa, fuskokinsu sun yi fari fat saboda ƙarfin fitilun dandamali, ga tarin 'yan kallo da ƙarar kujeru sun danne magana. Wanda ya ga irin wannan zai ɗauka wasan ne ba shi da armashi, alhali ɗaukar ce ta cuce shi. Maganinsa shi ne a yi ɗaukar talla a wata ranar gwaji da aka keɓe, lokacin da kowa ya sa kayansa kuma babu jama'a, ta yadda mai kyamara zai iya hawa dandamali ya kusanci fuska. Sauti kuwa a jawo shi kai tsaye daga na'urar haɗa sauti ta zauren, domin mai kallo yakan yi haƙuri da hoto mai rauni amma ba ya jure maganar da ba ya ji. A ɗauki wasu sassan a tsaye saboda Instagram da TikTok, wasu a kwance saboda YouTube, kuma a rubuta maganar a ƙasan hoto, tunda mutane da yawa suna kallo ne da muryar wayarsu a kashe.

Batun haƙƙin mallaka kada ki bar shi sai ƙarshe. Amincewar ɗan wasa ya fito a dandamali ba ita ce amincewarsa a watsa hotonsa ba, haka nan marubuci da mai kiɗa, don haka a rubuta yarjejeniya kowa ya sa hannu, yara kuma a nemi izinin iyayensu. Idan kun yi amfani da waƙar wani, YouTube yana da tsarin da ke gano ta da kansa, kuma mai waƙar yana iya sa a toshe bidiyon ko ya karɓe kuɗin tallan da ke kansa.

Game da auna nasara, kada yawan waɗanda suka kalla ya ruɗe ku, domin dubban masu kallo da ke wata ƙasa ba za su cika muku kujera ko ɗaya ba. Kowane bidiyo ya ƙare da rana da lokaci da wuri da hanyar sayen tikiti, sannan a ƙofar shiga ku sa wani ya riƙa tambayar masu zuwa inda suka ji labarin wasan yana rubutawa. Da wannan lissafin za ki san kafar da ta cancanci kuɗinku a wasa na gaba, da wadda za ku rage wa ƙarfi.