Filin Tambaya da Amsa: Yadda ake cire ragwayen kalmomi a rubutu

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina rubuta gajerun labarai, amma wanda ya duba mini ya ce Hausata ba gishiri, wai kalmomina ragwaye ne. Ta ina zan soma gyara? Daga wata ɗaliba a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Ki soma da "sosai". Ki bi rubutun ki ja layi a duk inda ta fito, haka ma "ƙwarai" da "matuƙa". Galibi aikatau (kalmar aiki) ɗin da ke gabansu ne ya gaza, aka kawo su su tallafe shi. "Ya gudu sosai" bai kai "ya sheƙa" ko "ya ranta a na kare" ba. "Ta kalle shi cikin fushi" kalma biyar ce, alhali "ta harare shi" ta gama zancen.

Sai ki koma kan aikatau masu ɗaukar kowane kaya, irin su buga. Idan kin rubuta "ya buge shi", tambayi kanki: da me? Tafin hannu a kunci mari ne, hannu a dunƙule naushi, ƙafa shuri, ƙashin yatsa a tsakar ka ranƙwashi. Sanda kuwa maka ta ake yi. Da kin ce "ya ranƙwashe shi", mai karatu ya riga ya hango babba da yaro.

Wani ƙarfin a jikin aikatau ɗin yake, ba sai kin nemo sabuwar kalma ba. Tun 1960 Parsons, wani Bature masanin nahawun Hausa, ya kasa aikatau na Hausa aji bakwai, kuma biyu daga ciki suna yi wa mai gyara aiki. Aji na huɗu yana nuna an ƙarar da abu: "ya ci duka" ta koma "ya cinye", "ta sha duka" ta koma "ta shanye". Aji na bakwai yana nuna aiki ya kai: "naman ya dafu". Ga kuma ninki: "ta yayyanka albasa", maimakon "ta yanka albasa ƙanana ƙanana".

Amsa-kama, wato kalmar da ke fito da kamannin abu ko yanayin aiki, ita ce gishirin da aka ce babu, sai dai kowace da maigidanta. Fari fat, baƙi ƙirin, ja wur, kore shar, jiƙe sharkaf, tashi zumbur. Wanda ya rubuta "fari ƙirin" ya tona wa kansa asiri. Kuma gishiri ne fa: ɗaya a sakin layi ta isa, uku a jimla guda sun mai da labarin tatsuniya.

Kada ki yaƙi "yi" a ko'ina. "Yi barci" da "yi magana" haka Hausa ta gada. Wadda za ki cire ita ce irin "sun gudanar da bincike a kan lamarin", inda "sun binciki lamarin" ta wadatar.

Tambaya: Malam, ina aikin jarida. Na gaji da maimaita "ya ce", sai nake sauya ta da "ya yi iƙirari" ko "ya amsa cewa". Edita yana mayar mini da ita. Wa ke da gaskiya? Daga wani mai karatu a Maraɗi.

Amsa: Edita, Malam. A labari "ya ce" ba ta ɗaukar ɓangare. "Ya yi iƙirari" tana nuna kana shakkar maganar, "ya amsa" kuma tana nuna da ma ana tuhumarsa. Haka "ya rasu" da "ya sheƙa barzahu": mutuwa ɗaya ce, amma ta biyun za ta iya haɗa ka da dangin mamaci.

Tambaya: Wane ƙamus zan riƙe? Daga wani malamin firamare a Kumasi.

Amsa: Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero, wanda ya fito a 2006, domin da Hausa yake bayani. Na Bargery na 1934 ya fi tara tsofaffin kalmomi, amma kafin ka ɗauko wata daga ciki, karanta wa mutum biyu jimlar da baki. Idan suka ce "me ke nan?", mayar da ita.