Oga, an gama filasta, in fara fenti?

To na ga saƙonka ɗana. Ka ce yayanka yana gina gidansa da kansa kaɗan kaɗan, makon jiya aka gama filastar ɗakin kwana, shi kuma ya matsa maka lamba ka zo ka shafa masa fenti ya samu ya tare, kana tambaya ko ka fara kuma da me za ka fara.

Amsa ita ce kar ka fara. Ka ce masa ni na hana ka. Filastar siminti tana so a ba ta kamar sati 4 kafin fenti ya hau kanta, in lokacin damina ne ko ɗakin ba ya samun iska ma sai ta fi haka. Ido zai ce maka ta bushe don ka ga ta yi fari, amma ruwa yana nan a ciki, kuma dole sai ya fito, in ka rufe shi da fenti zai turo fentin ne ya yi ƙuraje ya dinga ɓarewa. Ga shi sabon siminti yana da kaifi, cin kala yake, in fentin mai ne ma sai ka ga ya koma yana danƙo. Sauri ya haifi nawa kenan, kuma in ya lalace ba wanda zai tuna shi ne ya matsa, sunanka za a kira.

In kana so ka tabbatar, samu leda mai haske ka yanko kamar rabin mita, ka manna ta a bangon da salatif ta duk gefe huɗu yadda iska ba za ta shiga ba, ka bari ta kwana. Da safe ka ɓare. In ka ga gumi a cikin ledar ko wurin ya yi duhu ya fi kewayensa, bango bai shirya ba. Ka gwada a ƙasa kusa da daɓe, da kuma bangon da ya haɗu da banɗaki, nan ne danshi ya fi ɓuya. In kuma ka ga wani farin gari kamar gishiri yana fitowa, da busasshen buroshi za ka kakkaɓe shi, kar ka wanke da ruwa don narkewa zai yi ya koma ciki. In yana ta dawowa a wuri ɗaya to akwai ruwan da yake zuwa daga wani wuri, ko fayif ne yake yoyo ko daga tushe yake hawowa, wannan kuma ba fenti zai magance shi ba, a gyara tukuna.

Kafin lokacin ya cika ba zama za ka yi ba. A gama duk wani aikin wuta da na tayil da na silin, don ba abin da ya fi ciwo kamar ka gama fenti mai wayarin ya zo da kurfi yana fasa maka bango.

Ranar da ya bushe, ka kankare duk ɗigon siminti, ka cike tsaga da ramuka, sai sikiridin, wato kwaɓin da ake shafa wa bango da wuƙa don ya yi sumul, ka yi shi siriri sau biyu ya fi ka lafta shi da kauri sau ɗaya, mai kauri tsagewa yake. Sai samfefa, ka fara da lamba 120 mai ɗan kaushi ka gama da 180 ko 220 masu laushi, kuma dan Allah ka sa takunkumi, wannan ƙurar ba ta da kyau ga ƙirji. Daga nan ka jira dare ko ka rufe taga, ka ɗauki tocila ka kwantar da ita a jikin bangon haskenta ya bi ta gefe. Wallahi bangon da ka rantse ya yi sumul da rana, sai ka ga duk sawun wuƙa da tudu da kwari sun fito da inuwarsu. Ka zagaye su da fensir ka gyara. Wannan a ɗakin kwana ya fi muhimmanci, don mutum kwanciya yake yana kallon bango da silin, ga fitilar gefen gado tana haska su ta gefe kamar yadda tocilarka ta yi.

Share ƙurar tas, sannan firaima, wato shafin share fage da ake yi kafin fenti, irin wadda aka rubuta ta sabon siminti ce. Masu gida sun fi son a tsallake ta wai ɓarnar kuɗi ce, alhali bangon da ba a sa wa firaima ba shanye fenti yake wani wuri da yawa wani wuri kaɗan, sai kala ta fito dabbare dabbare.

Fenti kuwa na ruwa za ka sa, marar sheƙi ko mai ɗan sheƙi kaɗan. Mai ƙyalli sosai yana tona asirin bango. Na mai ka bar shi ga ƙofa da ƙarfen taga. Lissafinsa ba wuya, lita ɗaya tana rufe kamar murabba'in mita 10 zuwa 12 a shafi ɗaya, amma ka duba jikin bokitin. Ɗaki mai mita 4 da 3.5, tsayi mita 3, bangonsa murabba'in mita 45 ne, cire ƙofa da taga ya dawo kamar 41, shafi biyu 82, kaga wajen lita 8 kenan, silin kuma lita 3. In bokiti ya fi ɗaya ka juye su wuri guda ka gauraya, don ko sunan kala ɗaya ne wani lokacin suna ɗan bambanta. Ruwa kuma iya abin da kamfanin ya ce, ban da tsinkawa don ya yi auki.

Daga sama ake farowa, silin, sai bango, ƙofa da sikatin, wato layin gindin bango, a ƙarshe. Ka bi kusurwa da gefen soket da buroshi, kafin ya bushe ka bi da rola, bango ɗaya ka gama shi daga wannan kusurwa zuwa waccan ba tsayawa, ko waya aka kira ka ƙyale ta, don inda ka tsaya ya bushe sai layi ya fito. Kar ka danne rola, in ta fara ƙara kamar tana mannewa fenti ya ƙare mata, koma ka ɗebo. Shafin farko zai yi maka muni, kar ka tsorata ka koma kana taɓa shi, ba shi awa 2 zuwa 4 ko abin da aka rubuta sannan na biyu. Salatif ɗin da ka manna a gefe don kare inda ba ka so fenti ya taɓa, ka cire shi tun fenti bai gama ƙanƙamewa ba.

Maganar tarewa, a bar tagogi a buɗe kwana biyu uku har warin ya fita, musamman in akwai jariri ko mai asma, in ka yi amfani da fentin mai da tina, ruwan da ake tsinka shi da shi, ma a ƙara kwanaki. Kar a jingina gado ko wadrob da bangon a kwanakin farko, kuma kar a goge shi da jiƙaƙƙen tsumma sai bayan sati 2 zuwa 4. Ragowar fentin ka rufe shi gam ka rubuta sunan kalar a murfi ka ba yayanka, don ranar shigo da kaya sai an gogi bango ko ta ina.